Idan linka ya ƙi haɗa maka laburaren .so saboda girman fayil

Don Allah ka fara karanta saƙon kuskuren har ƙarshe. Kar ka ga jan rubutu ya cika fuska kawai ka hau sake gini, layi ɗaya ne a ciki yake gaya maka ainihin abin da ke damun linka (shirin da ke haɗa guntayen kod su zama fayil guda), kuma a wannan harkar galibi ɗaya ne cikin uku.

Mai sauƙin shi ne wanda ya ƙare da "recompile with -fPIC". Laburaren .so, wato wanda shiri ke lodawa lokacin da yake gudana, ba ya da adireshi tsayayye a memori, duk inda aka samu wuri nan ake loda shi, to dole kod ɗin ya iya aiki a ko'ina. Sake kompayil ɗin duk fayilolin .o da -fPIC, har da na cikin tsohon laburaren .a (tarin fayilolin .o) da kake jawowa, nan mutane suka fi mantawa. Mai CMake ya kunna CMAKE_POSITION_INDEPENDENT_CODE, shi kenan.

Wanda ya fi cin rai shi ne "relocation truncated to fit: R_X86_64_PC32". A x86-64 kompayila yana ɗauka cewa kod da bayanai duk suna kusa da juna, sai ya ware bit 32 kacal na rubuta tazara, wato 2GB gaba 2GB baya, in abin da ake nema ya yi nisa ya wuce haka lambar ba za ta shiga gurbin ba, kuma linka ba zai yanke ta ya ba ka shirin da zai faɗi daga baya ba, gara ya tsaya. To kafin ka taɓa komai nemo wanda ya cinye wurin. Buga umarnin size a kan fayilolin .o ɗin ka dubi bss da data, sassan da ake ajiye bayanai, sannan nm -S --size-sort, manyan suna can ƙasan jerin. Sau da yawa za ka tarar wani jibgegen jeri ne guda ɗaya, misali double miliyan 300 da aka ajiye a matsayin static, kowanne bayit 8, ka ga 2.4GB kenan tun ba a fara aiki ba.

Akwai -mcmodel=medium, yana kwashe duk bayanan da suka haura kusan 64KB ya kai su .lbss da .ldata ya riƙa nemo su da cikakken adireshi, amma sai ka sake gina duk fayil ɗin da ke taɓa bayanan da shi, ba guda ɗaya ba. -mcmodel=large kuwa ka bar shi sai in kod ɗin kansa ne ya haura 2GB, domin yana ƙara wa shiri nauyi. Ni dai gaskiya na fi son a cire jerin daga static a nemo masa wuri da malloc ko mmap lokacin da shiri ke gudana, gyaran layi kaɗan ne kuma matsalar ba ta dawowa.

Ka lura da sunan sashen da aka ambata fa. In .debug_info ne ko .debug_str to bayanan gano kuskure da -g ke sakawa ne suka kumbura suka wuce 4GB, sa -g1 ko -gsplit-dwarf.

Na ukun ba laifin kod ɗinka ba ne ma, "ld terminated with signal 9". RAM ce ta ƙare Linux ya kashe linka, dmesg zai nuna maka. Rage lambar -j (yawan ayyukan da ake yi lokaci guda) a make don kar a riƙa haɗa laburare huɗu lokaci guda, ƙara swap, ko ka ba ld zaɓin --no-keep-memory, zai yi jinkiri amma zai rage ci. In jiran ne ya ishe ka gwada wani linka mai sauri, -fuse-ld=lld ko mold.

Masu Windows kuma in MSVC ya ce C1128 sassan fayil ɗin ne suka haura 65,279, sa /bigobj. A MinGW in ka ga "too many sections" sai -Wa,-mbig-obj.