Yadda za ku bi diddigin gwajin jinin yaron da ciwon gado ke taɓa wa jijiyoyi

Aikina ɗibar jini da adana shi ne a ɗakin gwaje-gwaje a nan Zariya. Wannan bayani na iyayen da likita ya shaida wa cewa ɗansu na da ciwon gado mai lalata ƙwaƙwalwa ko laka sannu a hankali ne, irin yaron da ya iya tafiya sai ya koma tangaɗi, ko ganinsa ya yi ta raguwa.

Ku fara da sanin abin da ake aunawa. Akwai wani furotin a cikin zaren jijiyoyi da likitoci ke kira NfL. Idan jijiya ta lalace sai ya tsiyaya cikin ruwan laka, ɗan kaɗan ya ratsa zuwa jini. A da sai an soka allura a gadon baya, yanzu na'urori irin su Simoa na gano shi a jinin hannu. An auna shi a yara masu SMA, ciwon da ke kashe jijiyoyin motsi, aka ga yana sauka a jariran da aka ba maganin nusinersen, wanda Amurka ta amince da shi a 2016. An kuma same shi da yawa a masu wasu cututtukan gado na jijiyoyi, irin su CLN2 da ciwon Wolfram, da yara maza masu ciwon da ake kira ALD idan ya kama ƙwaƙwalwa.

Amma NfL ba ya faɗin sunan ciwo, wannan aikin gwajin ƙwayoyin gado ne. Ɓarna kawai yake nunawa. Sanƙarau na ɗaga shi, haka zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, haka buguwar kai idan yaro ya faɗo daga babur, kuma yakan daɗe bai sauka ba. Don Allah duk abin da ya sami yaro a 'yan watannin nan ku gaya wa likita kafin a ɗebi jinin.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, sakamako ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Kamar katin awon jarirai ne: malamar asibiti ba nauyin yau kaɗai take dubawa ba, layin take bi ta ga hawa yake ko sauka. Shekaru ma na da tasiri, domin jariri lafiyayye yana da NfL fiye da ɗan shekara 10, sannan ya sake hawa idan girma ya zo. Saboda haka kada ku kwatanta lambar ɗanku da ta ɗan wani, balle ta babba.

Don layin ya yi ma'ana, ku tsaya a ɗakin gwaji ɗaya da na'ura ɗaya. Ku dubi murfin kwalbar. Idan an fara da mai murfi ruwan goro ko ja, ko mai shunayya, a ci gaba da irinta, don lambobinsu sukan ɗan bambanta. Na'urar ba ko'ina take ba, sau da yawa sai an aika jinin nesa, to ku tambayi inda za a daskarar da shi da abin da ake yi idan an ɗauke wuta. Ni ina jin daɗin uban da ya tsare ni da wannan tambaya.

Ku sayi littafi mai kauri ku keɓe wa yaron. Ku rubuta ranar ɗibar jini, nauyinsa, magungunansa, da sakamakon gwajin ƙoda, tunda raunin ƙoda na ɗaga lambar. A ranar ku ɗauki bidiyonsa a waya yana tafiya daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, yana riƙe cokali, yana biya karatunsa na allo. Idan kun je wurin likitan yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ku haɗa littafin da bidiyon, don zai auna su da hoton MRI, wato hoton cikin ƙwaƙwalwa ko laka da na'ura ke ɗauka, da abin da idonsa ya gani.

Wasu cututtukan suna da gwaji mai sauƙin samu: awon wani furotin na jini mai suna AFP a ciwon ataxia-telangiectasia mai sa yaro tangaɗi, da awon wani furotin mai suna seruloplasmin a ciwon Wilson, wanda ke da magani. Ku tambaya ko ɗanku na buƙatarsu.

Idan masu bincike suka nemi jinin yaron, kafin ku sa hannu ku tambaye su ko za a dawo muku da sakamakon a rubuce, kuma wane likita ne zai zauna ya yi muku bayaninsa da Hausa.