Kurakuran da ake ta maimaitawa a kan jaririn da aka haifa ɗan mitsitsi

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya a gidajen masu jego. Jaririn da bai kai kilo 2.5 ba ranar haihuwa, ko bakwaini ne ko watanninsa sun cika, ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, amma sai ki ga an tuɓe shi safe da yamma ana wanka ana jujjuya shi a baho wai don ya yi ƙwari. Haka aka yi wa ɗan ƙanwata da hunturu, yaro ya daina kama nono, tafin ƙafarsa sanyi ƙalau, sai gadon asibiti. A can nas ta nuna mana abin da ake kira kangaru: a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata, daga shi sai famfas da hula da safa, a ɗaure da zane. In uwa ta gaji baban ya karɓa, ba abin kunya ba ne. Ni dai a gidana tsumma mai ɗumi nake goge irin wannan yaro da shi har sai ya yi nauyi.

Sai masu ɗura. Ruwa, zuma, jiƙo, wata ma kunu tun wata biyu wai ya yi ƙiba. Haba Hajiya! Cikin nan nawa yake? Duk cokalin ruwa wurin nono ya cinye, zuma kuwa kafin shekara ɗaya haɗari ce. Nono zalla har wata shida, kuma kar ki ce ai barci yake, irin su ba sa tashi da kansu, ki tashe shi duk awa biyu zuwa uku. In tsotson ba ƙarfi ki tatsa ki ba shi da ɗan kofi.

Ki daina gwada shi da ɗan maƙwabciya. Wanda ya zo da saura wata biyu, in ya kai wata shida lissafinsa na ɗan wata huɗu ne, haka ake cirewa har wajen shekara biyu, zama da rarrafe duk a kan wannan lissafin za ki duba.

Rigakafi ba a jiran sai ya girma. Awo kar ki tsallake, katin ne zai nuna ko yana hawa. Ido ya yi ɗorawa ko numfashi na sauri ko ya ƙi nono, asibiti a ranar, ba kemis ba.