Tsiron hops a lambun gida: abin da sabon zuwa Jamus ya kamata ya sani

Wanda ya samu gida mai fili ko ya yi hayar ɗan lambu a kudancin Jamus, musamman a jihar Bavariya, da wuya ya rasa ganin wani tsiro mai yaɗo yana hawa shinge, wanda Jamusawa ke kira Hopfen, Turawan Ingila kuma hops. A yankin Hallertau, arewa da birnin Munich, ana noma shi a gonaki masu turaku da wayoyi da tsayinsu ya kai mita 7, kuma dokar giya ta shekarar 1516 ta lissafa shi cikin kayan haɗin giyarsu. Furensa dai ba ya ɗauke da barasa, ɗaci da ƙamshi kawai yake bayarwa, don haka wanda ba ya harkar giya yana iya dafa shi ya sha kamar shayi, yadda mutanen ƙasar ke yi idan barci ya ƙi zuwa.

Saiwarsa ake dasawa a watan Maris ko Afrilu, a wurin da rana ke samu sosai kuma ruwa ba ya kwanciya. Tsiron yana da mace da namiji, kuma macen ce kaɗai ke ba da furen da ake so, saboda haka a tambayi mai sayarwa kafin a biya. Idan ya tsiro, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a naɗe su a igiya ta yadda hannun agogo ke juyawa, a yanke sauran. Kada a karaya idan amfanin shekarar farko bai taka kara ya karya ba, domin sai a shekara ta biyu ko ta uku yake kankama. Da sanyi ya shigo ganyen zai mutu ƙurmus, amma saiwar tana nan da ranta, kada a tone ta.

Girbi yana zuwa daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Furen da ya nuna, idan aka matsa shi, yana ƙara kamar takarda sannan ya koma yadda yake, kuma idan aka buɗe cikinsa za a ga wani gari mai danƙo, launinsa kamar garin ɗorawa. A sa riga mai dogon hannu, domin karansa yana da kaushi, yana kartar fata.

Wajen shanya ne namu suka fi yin kuskure, domin mun saba baza kuɓewa, barkono da zoɓo a tsakar rana, alhali hasken rana yana lalata ƙamshin wannan fure. A baza shi ba mai kauri ba a kan raga, cikin inuwa inda iska ke ratsawa, ana juya shi kullum har kwana biyu zuwa huɗu. Mai amfani da na'urar busarwa kuwa kada ya bari zafin ya wuce digiri 60 a ma'aunin Celsius. Iskar Satumba a Jamus tana da laima, ba irin ta hunturunmu ba ce, kuma furen da aka tara shi da danshi fumfuna yake yi. Ya bushe idan sandar tsakiyarsa ta kusa karyewa da an lanƙwasa ta, a lokacin nauyinsa ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sai a matse shi a leda, a fitar da iska, a saka a firiza, kuma a nesanta shi da karen maƙwabta, domin guba ne ga karnuka.