Yadda Ake Gane Ko Bambancin Tayoyin Gaba da na Baya Yana Rikita Birkin ABS

Na'urar ABS, wadda ke hana ƙafafun mota cijewa idan an taka birki da ƙarfi, ba ta ganin titi, ba ta kuma san gudun da motarka take yi kai tsaye ba. Abin da ta iya shi ne ƙirga juyin ƙafafu. A jikin kowace ƙafa akwai zobe mai haƙora, ko zoben maganaɗisu da ke cikin boris, da sensa a kusa da shi tana aika wa kwamfutar birki adadin juyin da ƙafar ke yi. Daga waɗannan alƙaluma huɗu kwamfutar take ƙiyasta gudun mota. Idan ka taka birki ta ga wata ƙafa ta rage juyi fiye da 'yan uwanta, sai ta ɗauka ƙafar na shirin cijewa ta ja ƙasa, nan take ta sassauta matsin man birki a kanta, ta mayar, ta sake sassautawa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Haka tsarin yake tun da Bosch ya fito da shi a motocin Mercedes a 1978, sai dai kwamfutar ta ƙara sauri da wayo.

Lissafin nan gaba ɗaya ya dogara ne a kan cewa tsayin tayoyin da ke jikin motar shi ne wanda kamfani ya rubuta wa kwamfutar. Doguwar taya tana cin tafiya mai yawa a juyi ɗaya, don haka tana juyawa a hankali. Gajeriya tana juyawa da sauri. Da zarar an sa wa baya tayar da ta fi ta gaba tsayi, ko akasin haka, kwamfutar za ta riƙa ganin bambancin gudu tun ba a taɓa birki ba.

Mataki na farko: nemo girman da kamfani ya tsara

Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar. A wasu motocin tana cikin murfin tankin mai, kuma tana cikin littafin mota. Za ka ga girman tayar gaba, na baya, da yawan iskar da kowace ke buƙata. Rubuta su, sannan ka zagaya motar ka rubuta abin da ke gefen kowace taya, dukkansu huɗu. Kada ka duba biyu ka ce sauran ma haka suke, musamman a motar da aka saya a hannu.

Akwai motocin da tun daga kamfani tayar bayansu ta fi ta gaba faɗi, kamar yawancin motocin wasanni masu jan baya. Wannan ba laifi ba ne. Ko dai an zaɓi girman ta yadda tsayinsu zai zo kusan ɗaya, ko an sanar da kwamfutar bambancin. Babur mai ABS ma haka yake, ƙafar gaba da ta baya sukan sha bamban amma na'urar ta san da zaman haka. Matsala tana farawa ne idan aka kauce wa abin da aka tsara.

Mataki na biyu: lissafa tsayin kowace taya

Nan ne mutane da yawa suke kuskure, domin suna kallon girman rim kawai, ko faɗin taya. ABS ba ruwanta da waɗannan, tsayin taya daga ƙasa zuwa sama shi ne damuwarta.

Ɗauki taya mai rubutun 205/55 R16. Lamba ta farko faɗin taya ne a milimita. Ta biyu tsayin gefen taya ne, wato kashi 55 cikin 100 na faɗin. Ta uku girman rim ne a inci, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne. To, kashi 55 na 205 shi ne 112.75, ninka shi biyu saboda gefe yana sama yana ƙasa, ka sami 225.5. Rim ɗin 16 sau 25.4 ya ba da 406.4. Haɗa su, tsayin taya ya zama milimita 631.9. Tayar nan tana juyi kusan 504 a kowace kilomita.

Yanzu a ce an sa 215/60 R16 a baya saboda ita aka samu, ga shi kuma rim ɗaya ne, ta zauna daram. Tsayinta milimita 664.4 ne, juyinta kusan 479 a kilomita. Rage ƙaramar daga babbar, raba da ƙaramar, ninka da 100: bambancin ya haura kashi 5 cikin 100. Idan ƙafafun gaba suna nuna wa kwamfuta gudun kilomita 100 a awa, na baya 95 za su nuna.

Kwatanta wannan da 195/65 R15, wadda rim ɗinta ma ya bambanta: tsayinta 634.5 ne, bambanci bai kai rabin kashi ɗaya ba. Haka 225/45 R17 a gaba da 255/40 R17 a baya, ɗaya 634.3 ɗaya 635.8. A ido sun sha bamban ƙwarai, amma a wajen ABS kusan tagwaye ne.

Ƙa'idar da masu sana'ar taya suka saba bi ita ce kada tsayi ya kauce wa na kamfani da fiye da kashi 3 cikin 100. Wannan iyaka ce ta ƙarshe, ba abin nema ba, kuma ta fi dacewa da lokacin da aka canza tayoyi huɗu tare. Tsakanin gaba da baya, gara a tsaya ƙasa da kashi 1. Kowane kamfani da irin haƙurin da ya sa wa kwamfutarsa, wata motar za ta shanye kashi 3 shiru, wata ta kunna fitila kafin a kai nan.

Mataki na uku: auna abin da ke ƙasa, ba abin da ke rubuce kaɗai ba

Tayoyi biyu masu lamba ɗaya ba lallai tsayinsu ya zo ɗaya ba. Sabuwar tayar ƙaramar mota zurfin zanenta kimanin milimita 8 ne, wadda ta suɗe har iyakar doka kuwa 1.6. Bambancin 6.4 ne, sama da ƙasa ya zama kusan milimita 13, wato kashi 2 cikin 100 na tsayin tayarmu ta misali. Ƙara ƙarancin iska, da ɗan bambancin da ake samu tsakanin kamfanonin taya, sai ka ga an kusa iyaka ba tare da an canza lamba ko ɗaya ba.

Da farko daidaita iska yadda takardar ƙofa ta ce, a lokacin da tayoyin suke da sanyi. Sannan ka sami shimfiɗaɗɗen wuri mai tsawon mita 25 ko fiye, ka miƙe sitiyari. Yi wa tayar gaba da ta baya na gefe ɗaya alama da alli, daidai inda suka taɓa ƙasa. A tura motar a hankali kai tsaye, kana ƙirga juyin tayar gaba har 10, a tsaya lokacin da alamarta ta dawo ƙasa. Duba inda alamar baya ta tsaya. Idan ta kauce da kashi ɗaya bisa goma na zagaye, bambancin kashi 1 cikin 100 ne. Idan ta kusa sulusin zagaye, ka kai kashi 3. Rabin zagaye kuwa kashi 5 ke nan. Maimaita a ɗaya gefen.

Abin da bambancin yake jawowa a kan hanya

Idan tayoyin baya ne dogaye, kwamfuta tana ganin kamar sun riga sun fara zamewa. Taya tana ba da riƙo mafi ƙarfi ne idan zamewarta tana wajen kashi 10 zuwa 20 cikin 100, kuma a nan ABS take ƙoƙarin riƙe ta. Idan an riga an cinye kashi 5 na ƙarya, za ta fara sassauta birkin baya da wuri. Tsarin EBD, wanda yake raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya da waɗannan sensa ɗin, shi ma zai rage wa baya rabonsa. Sakamakon shi ne nisan tsayawa ya ƙaru, birkin gaba ya ɗauki kaya fiye da ƙima, ya yi zafi, ya ci da wuri.

Idan na baya ne gajeru, abin ya fi haɗari duk da bai cika nuna kansa ba. Suna juyi da sauri, don haka ko sun fara zamewa da gaske kwamfuta tana ganin lafiya lau, sai ta makara wajen sassautawa. Ƙafar baya da ta cije a kwana ko a jiƙaƙƙen titi ita ce ke juya mota ta kalli inda ta fito.

Na'urar hana sulɓi, wadda ke hana ƙafafu juyi a banza idan an taka totur, ita ma tana shiga cikin rikicin. In ƙafafun da ke jan mota su ne gajeru, tana ɗauka suna ɓarin gudu a banza, sai ta rage wutar inji, ka taka totur motar ta ƙi amsawa, fitila tana ƙyaftawa. Agogon gudu yakan yi ƙarya, haka ma na'urar gargaɗin iska a motocin da suke gane ƙarancin iska ta juyin ƙafa.

Idan bambancin ya yi yawa, kwamfuta takan yanke hukuncin cewa alƙaluman ba abin yarda ba ne, ta kashe kanta ta kunna fitilar ABS. Birki na yau da kullum yana nan yana aiki, amma in ka danna da ƙarfi tayoyi za su cije. In jar fitilar birki ta kama tare da ita, akwai yiwuwar EBD ma ya tsaya, a kai motar wajen gyara ba tare da jinkiri ba.

Mataki na huɗu: bambance laifin taya da laifin sensa

An sha canza sensa lafiyayya saboda lambar matsalar da kwamfutar mota ta ajiye ta ambaci sunanta. Kafin a kwance komai, a jona na'urar binciken mota wadda ke iya karanta sashen ABS, a buɗe shafin da ke nuna gudun ƙafafu huɗu kai tsaye. Mutum ɗaya yana tuƙi, wani yana kallon na'urar, a miƙaƙƙiyar hanya, a tsayar da gudu a kilomita 60 a awa. Bambancin taya yana zuwa ne bibbiyu, gaba biyu lamba ɗaya, baya biyu wata lambar, kuma tazarar tana ƙaruwa daidai da gudu: kashi 3 zai nuna kusan kilomita 2 a gudun 60, kilomita 3 a gudun 100. Shi ya sa fitilar takan kama bayan an ɗan jima a babbar hanya, ta mutu in an kashe mota an sake tayarwa. Laifin sensa ko zobe kuwa ƙafa ɗaya yake kamawa, lambarta tana tsalle ko ta faɗi sifili, galibi lokacin da mota ta kusa tsayawa.

Mataki na biyar: gyara

Hanya mafi sauƙi ita ce komawa girman da ke takardar ƙofa. Idan biyu kawai za a canza, a canza na layi ɗaya tare, wato gaba biyu ko baya biyu, iri ɗaya, kuma sabbin su tafi baya ko da motar da gaba take ja, domin riƙon baya shi ke hana mota juyawa. Wanda ke son manyan rim ya rage tsayin gefen taya yadda jimillar za ta koma ta asali, ya kuma tabbatar lambar ɗaukar nauyi da ta gudu ba su gaza na kamfani ba.

Mota mai jan ƙafa huɗu ba ta da haƙurin kashi 3 ɗin nan. Subaru, alal misali, yana son kewayen tayoyin huɗu kada ya bambanta da fiye da rubu'in inci, kimanin milimita 6, domin bambancin yana wahalar da na'urar raba ƙarfi tsakanin gaba da baya har ta lalace. A irin waɗannan motocin huɗu ake canzawa tare. Siririyar safaya taya kuma ta kai ka wurin mai faci ce kawai, kada a wuce kilomita 80 a awa da ita, kuma ba abin mamaki ba ne fitilar ABS ta kama muddin tana jiki.

Bayan an daidaita tayoyi, a goge lambobin matsala, a sake saita na'urar gargaɗin iska in motar tana da ita, sannan a maimaita gwajin gudun 60. Ƙafafu huɗun su nuna lamba ɗaya, ko bambancin da bai wuce kilomita 1 a awa ba.