Yadda Na Gyara Bidiyona Kan Kududdufan Kano

Aikin kammala karatuna gajeren bidiyon fasaha ne a kan kududdufan birnin Kano, waɗanda asalinsu ramuka ne da aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa, suka zama matattarar ruwan damina, yanzu kuma ake cike su da shara da ɓaraguzai ana yanka filaye. Malamaina sun ce ya fi kama da rahoton talabijin, domin muryar mai sharhi ta danne hotunan.

Sai na cire sharhin gaba ɗaya, na bar sautin wurin ya yi bayani: kukan kwaɗi bayan magariba, rugugin tifa tana juye ƙasa, da ƙarar injin buga bulo. Da yake iska ta ɓata sautin farko, na sake naɗarsa daban bayan na lulluɓe makirfon da soso, ina tafa hannu a farkon kowace ɗauka domin in daidaita sauti da hoto a kwamfuta.

Gyaran da ya fi tasiri shi ne kafa kyamara a wuri guda, wanda na yi wa alama da fenti, ina ɗaukar bakin kududdufi ɗaya lokaci-lokaci, har aka ga harsashin gini yana matso ruwan. Rubutun da na bari a allo shi ne watan da aka yi kowace ɗauka, saboda ruwa kan janye da rani ko ba a cike ramin ba, kuma bai dace mai kallo ya ɗora wa tifa aikin zafin rana ba.