Ma'auni a cikin ma'auni: ku fara da tsare zagaye

Salamu alaikum ƴan uwa masu rubuta manhaja na Yamai. Ga shawara ga mai son manhajarsa ta awon saurin aiki ta bar ma'auni ya kira wani ma'auni, kamar yadda perf, manhajar awon saurin aiki ta Linux, take yi: ma'aunin IPC shi ne yawan instructions (umarnin da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya aiwatar) a raba da yawan cycles (bugun agogon furosesa), ma'aunin CPI kuma 1 a raba da IPC.

Kada ku fara da lissafi. Ku fara warware sunaye, kowane suna a tantance ko ƙidaya ce ta injin (irin su instructions da cycles) ko wani ma'auni ne. Yayin da kuke nutsawa daga ma'auni zuwa wanda ya kira, ku riƙe jerin waɗanda ake cikin warwarewa. Idan A ya kira B, B ya koma kan A, ku tsaya nan take, ku nuna wa mai amfani hanyar zagayen duka. In ba haka ba manhajar za ta yi ta juyi har ta faɗi, shi kuwa bai san dalili ba.

Sannan ku tattara ƙidayoyin injin da ma'aunan suke buƙata ba maimaici, don ma'ajin ƙidaya na furosesa kaɗan ne. In suka cika, sai ƙidayoyin su koma karɓa-karɓa a cikinsu, sakamako ya zama ƙiyasi. Ma'aunin da aka lissafa a adana shi, kuma a kula da rabawa da sifili.