Ƙera ƙaramar motar gyaran layin dogo: inda ake yawan yin tuntuɓe

Motar gyaran layin dogo ita ce wadda ke tafiya a kwalta da tayoyin roba, idan ta iso layi a sauke mata ƙananan ƙafafun ƙarfe ta hau dogo da ma'aikata da kayan aikinsu. Masu ƙera ƙaramin samfurinta a nan Jos hannu gare su. Abin da ke damuna shi ne yawanci gangar jiki suke ƙawatawa su bar ƙasan motar, alhali can matsalar take.

Tun kafin a yanka komai ake yin kuskuren farko, wato ma'auni. Layin manyan samfura faɗinsa milimita 45 ne, sai mutum ya ɗauka duk motar da ta hau shi ta yi daidai. Fara da tambayar kanka wane layi kake kwaikwayo. Tsohon layin da ya iso Jos ta Kafanchan faɗinsa milimita 1,067 ne. Raba da 45 ka samu kusan 24, ma'auninka ke nan 1:24. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 milimita 1,435 ne, shi kuma 1:32 ya dace da shi. Mai kwaikwayon tsohon layi ya yi sa'a, domin motocin wasa na ƙarfe masu 1:24 ba su da wuyar samu, kuma ba su yi nisa da kayan LGB, masu ƙera jiragen ƙasa na wasa a Jamus, masu 1:22.5 ba. Amma ka ajiye motar 1:32 kusa da taragon LGB, za ka ga direban ko ƙofar taragon bai kai ba.

Sai ƙafafu. Tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan 'yar'uwarta ya kamata ta zama kusan milimita 40. Da ido ba a gane wannan, sai an auna. In ta yi kaɗan ko ta yi yawa, motar za ta bi miƙaƙƙen layi lafiya lau, ta zo mararraba ta sauka. Haka idan ka ɗaure duka ƙafafun huɗu kam da jikin motar: layin da aka shimfiɗa a tsakar gida ba ya taɓa zama sumul, wata ƙafa za ta riƙa tashi. Bar sandar ƙafafun gaba ta ɗan yi lilo a tsakiyarta. Tayoyin roba kuwa ka ɗaga su kamar milimita 1 daga kan ƙarfen, ka bar ƙafafun ƙarfe su yi tuƙi. A babbar mota roba ce ke turawa, a ƙarama sai dai ta yi ta karo da mararraba.

Idan layinka ne ke ɗauke da wuta, ƙafar ƙarfe a kan sandar ƙarfe za ta haɗa ɓangarorin biyu, wuta ta ɗauke nan take. Sa 'yar roba tsakanin ƙafa da sanda, ko da a gefe ɗaya ne. Ni dai batir nake ba da shawara. Ƙafafu huɗu kacal ba sa jan wuta yadda ya kamata, ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan layi, ga damina da ke dusasar da tagullar layin.

Kada ka ɗora batir a saman bodi tare da ƙugiyar ɗaga kaya, motar za ta kife a kwana. Mai da shi ƙasa tsakanin ƙafafu, ka ƙara ɗan dalma idan har yanzu ba ta da nauyi.

Fenti shi ne ƙarshe, bayan motar ta zagaya layi gaba da baya babu sauka. Goge ƙarfen da sanfefa, fesa fentin share fage, sannan fenti mai launin ruwan ɗorawa siriri-siriri sau biyu ko uku. Da sanyin safiyar Disamba fenti ba ya bushewa da kyau, jira rana ta ɗaga, kuma ka rufe ƙafafun da salatif kafin feshi.